Lafiya Uwar Jiki: Allurar Sinawa Da Neman Haihuwa

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wani magani da ake ta yayatawa a tsakanin masu neman haihuwa, wato tsira allurai irin na mutanen ƙasar Sin da kuma saiwoyinsu na gargajiya. Abin ba wasa ba ne, domin a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 kan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa.

Shi dai wannan magani daɗaɗɗe ne, don kuwa an yi bayaninsa a littafin nan na Sinawa mai suna Huangdi Neijing fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A fahimtarsu, akwai wani ƙarfi da suke kira chi wanda ke kewaya jiki ta wasu hanyoyi, idan ya toshe sai cuta ta samu. Saboda haka ake tsira siraran allurai a wurare na musamman, waɗanda aka ƙidaya 361, domin a buɗe hanyar. Suna kuma yin ƙaho kamar yadda wanzamanmu ke yi.

To, shin allurar na sa a haihu? A shekarar 2002 wasu likitoci a Jamus sun gwada ta a kan mata 160 waɗanda aka haɗa ƙwayayensu da maniyyi a kwalba, sa'an nan aka dasa musu a mahaifa. Daga cikin 80 da aka tsira wa allura, 34 suka sami ciki, alhali kuwa 21 ne kawai suka samu cikin sauran 80 ɗin. Nan da nan labari ya game duniya.

Amma fa gani ya kori ji. Da aka sake gwaji mai faɗi a Ostireliya da Niyu Zilan da mata 848, aka tsira wa rabinsu allurar gaske, rabi kuma ta bogi, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna kimanin kashi 18 cikin 100 ne suka haihu a kowane ɓangare. Haka kuma a 2017, a cikin ƙasar Sin kanta, an gwada mata 1,000 masu matsalar sakin ƙwai, aka tarar allurar ba ta ƙara haihuwa ba, ƙwayar asibiti mai suna kulomifin ce ta ƙara.

Ba muna raina ilmin Sinawa ba ne. Ai daga tsoffin littattafansu ne Tu Youyou ta gano maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin, har ta sami lambar Nobel a 2015. Sai dai gwaji ne ya tabbatar da shi. Kuma saiwa ma tana kisa. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka lalace a ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba mai ɗauke da wata saiwa da ake kira Aristolochia.

Shawararmu ita ce, idan shekara guda ta cika ba a sami rabo ba, ko wata 6 ga matar da ta kai shekara 35, miji da mata su tafi asibiti tare. Mun ce tare, domin sau da yawa matsalar daga namiji take, amma mace ke shan gori a wurin dangin miji. Gwajin maniyyi ba shi da wuya. Babu kuma allurar da za ta buɗe bututun mahaifa da ciwon sanyi ya toshe.

Wadda ta ga allurar na kwantar mata da hankali, ta tabbata sabuwa ce ake buɗewa a gabanta, ta kuma gaya wa likitanta duk abin da take sha. Kada a ɓata shekarun haihuwa da dukiya wajen bin kwalabe marasa lambar NAFDAC. Haihuwa ta Allah ce, amma matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.