Wa zai gyara motar lantarki a Kakuri?

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ake ta zancen motar lantarki, ni kuwa gyaranta ne ya dame ni. Peugeot 504 ta yi farin jini bayan buɗe masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna a 1975 saboda kowane bakanike daga Sabon Tasha zuwa Barnawa ya san cikinta, ga kayan gyara birjik. Ta lantarki in batirinta ya yi gardama, sai an jona kwamfutar kamfani kafin a gano ciwon. Dillali zai miƙa maka lambar Legas, kana ta kira, mota na shan ƙura. Kada hukuma ta bari a sayar da ita a Kaduna sai kamfani ya buɗe gareji, ya horar da makanikai, ya rubuta garanti.