Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗin Hanyar Masu Ƙafa?

Waɗanda na koya wa labarin ƙasa sun san ba na gajiya da maganar hanya, har wasu sun laƙaba mini suna a kan haka, na kuwa ji. To, yau ma hanyar ce, amma ba ta mota ba. Ina so mu duba hanyar mai tafiya da ƙafa, da gadar da zai hau ya ƙetare titi, da kuma aljihun da kuɗinsu zai fito.

Yawancinmu mun san sunan Atlanta saboda wasannin Olamfik na 1996, lokacin da 'yan ƙwallonmu suka ciwo zinariya. Birni ne a jihar Jojiya ta Amurka, layin dogo ne kuwa ya raya shi, kamar yadda ya raya Kafanchan. Da aka rage amfani da wasu tsofaffin layuka, sai ciyawa ta rufe su, suka zama wurin zubar da shara. A shekarar 1999 wani ɗalibi mai suna Ryan Gravel, na jami'ar Georgia Tech, ya nuna a takardar digirinsa na biyu cewa in an haɗa layukan nan za su yi wa birnin zobe mai tsawon mil 22, wato kimanin kilomita 35. Shi jirgin fasinja ya fi sa a rai. Daga baya aka ƙara da hanyar ƙafa da ta keke, da itatuwa da wuraren shan iska, a zobe mai ratsa unguwanni 45. Sunan aikin BeltLine. Ku 'yan aji shida masu ganin aikin rubutu wahala ce kawai, ku lura daga inda wannan ya taso.

Ni ina goyon bayan irin wannan aiki ɗari bisa ɗari. Mai ƙafa shi ne mafi yawa a kowane gari, amma shi ake mantawa in an zo rabon titi. Inda nake da ja shi ne yadda aka nemo kuɗin.

Ga dabarar da suka yi a 2005. A Amurka ana biyan haraji a kan gida da fili gwargwadon darajarsu, daga nan ne kuma makarantun gwamnati ke samun kaso mai tsoka. Sai majalisar birnin, da ta gundumar Fulton, da hukumar makarantun Atlanta suka yarda cewa a yankin da hanyar za ta bi, za su ci gaba da karɓar abin da suke karɓa a lokacin, amma duk ƙarin da ya samu saboda gidaje sun yi daraja, na aikin ne har shekara 25. A takaice, sun jinginar da amfanin gonar da ba a shuka ba tukuna.

Ba a je ko'ina ba sai ga 2008 da masifa biyu. Kotun ƙoli ta jihar ta yanke hukunci cewa ba a taɓa harajin makaranta domin irin wannan aiki, sai da jama'a suka jefa ƙuri'a aka gyara tsarin mulkin jihar. A wannan shekara kuma tattalin arzikin Amurka ya karye, darajar gidaje ta faɗi, ƙarin da aka yi lissafi da shi ya ragu ƙwarai. An yi wa makarantu alkawarin dala miliyan 162 a hankali a madadin harajin da suka bari. Biya ya tsaya, bashi ya taru, aka yi ta jayayya har 2016, sa'an nan aka sasanta a kan kuɗi ƙasa da na alkawari.

Masu kāre tsarin suna cewa makarantu ba su yi hasarar kome ba, gama in ba don aikin ba, ƙarin ma ba zai samu ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Wani ƙarin zai zo ko da hanya ko babu, domin gari yana girma da kansa. Sabbin mazauna kuma da 'ya'yansu suke zuwa, su kuwa benci suke bukata da alli da malami. Abin da ya fi damuna shi ne, ranar da aljihu ya ƙone, wanda aka ce ya yi haƙuri ya jira shi ne ɗan makaranta. Siminti yana iya jiran shekara uku bai lalace ba. Yaron da ke aji ɗaya, kafin shekara ukun nan ya riga ya kai aji huɗu.

Aikin dai ya ci gaba, gutsure-gutsure. An buɗe sashen gabas a 2012, mil biyu da 'yan kai, jama'a suka yi masa caa. Sashen yamma, inda talakawa da baƙaƙen fata suka fi yawa, sai a 2017, shi ma da taimakon dala miliyan 18 daga gwamnatin tarayya. Duk inda hanyar ta bi, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. An yi alkawarin gidaje 5,600 masu sauƙin kuɗi, amma abin ya yi ta jan ƙafa har Gravel da kansa ya ajiye kujerarsa a wani kwamitin aikin a 2016 domin nuna ɓacin ransa. Ina amfanin hanya mai inuwa ga tsohuwar da haya ta kore ta daga unguwar? Jirgin da aka fara maganar dominsa kuwa, har 2025 ba a shimfiɗa masa layi a kan zoben ba.

A 2021 suka yi abin da a ganina da shi ya kamata su fara. Aka ɗora wani ƙarin haraji a kan masu kantuna da manyan gidajen haya na kusa da hanyar, domin a tara wajen dala miliyan 100. Su ne suka ci riba, su ya kamata su sa hannu a aljihu. Masu arziki ma sun taimaka: gidauniyar Woodruff, mai sunan mutumin da ya daɗe yana shugabancin Coca-Cola, ta ba da dala miliyan 80. Shekarar da suka sa wa kansu ta rufe zoben ita ce 2030.

Gada ma tana da nata labarin. A Landan an shirya wata gadar ƙafa mai lambu a kan kogin Thames. Aka kashe fam miliyan 53, fam miliyan 43 daga ciki na jama'a ne, ba a kafa ko ginshiƙi ɗaya ba. Magajin gari Sadiq Khan ya ƙi tsaya wa kuɗin kula da ita na shekara-shekara, aka yi watsi da aikin a 2017. Na yaba masa, ko da yake an makara.

Mu nan ba mu da zobe na mil 22, amma muna da yara masu ƙetare babban titi safe da yamma, wasu da ƙannensu a hannu. Na ga gadojin sama a biranenmu da mutane ke gudu, suna tsallaka titi a ƙarƙashinsu, domin matakala ta yi tsayi ga tsoho da mai ɗauke da kaya, ko an kafa ta nesa da inda jama'a suka saba ƙetarewa, ko babu fitila da dare. Saboda haka in wata rana aka zo wa iyaye da malamai da zancen gada a bakin makaranta, ina roƙo mu karɓa hannu biyu, amma kada mu tashi daga taron sai an faɗa mana daga wane asusu kuɗin zai fito, wa zai sa ƙwan fitila in ya mutu, kuma an bi yaran da safe an ga ainihin inda suke tsallakawa.