Ra'ayinmu: Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

'Yan'uwa ɗalibai, ga shi zangon karatu ya zo ƙarshe, lokacin miƙa jinga da kundin digiri ya gabato. A irin wannan lokaci ne wata mummunar al'ada takan ta da kai. Sai ɗalibi ya kwana yana rubutu, gari na wayewa ya garzaya wurin masu buga takardu, ya miƙa wa malami abin da shi kansa bai karanta ba. Muna kira da babbar murya a bar wannan ɗabi'a, domin daftarin farko na marubuci ne shi kaɗai, wanda aka gyara shi ne na mai karatu.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne. A tsarin jami'o'in Nijeriya, maki 70 shi ne "A", maki 69 kuwa "B" ne. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50 cikin 5.00. Maki ɗaya tak da ya zube saboda jimla mai harshen damo ko hujja maras madogara yana iya raba mutum da darajar da ya yi shekara huɗu yana nema.

Gyaran rubutu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajirin tsangaya ba ya fara biya allonsa sai ya kai wa malam an yi masa darasu. A shekarar 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta Magana Jari Ce, yana rubutawa, Dokta Rupert East yana dubawa. Idan mai alƙalami irin na Imam bai ƙi ido na biyu ba, ina dalilin ɗan aji uku na ƙin sa?

Shi gyara yana da tsari, kuma daga babba ake farawa. Da farko a ajiye daftarin kwana biyu, zuciya ta huce. Sa'an nan a sake karanta tambayar malam, a gwada faɗin amsar da maƙalar ta bayar cikin jimla ɗaya. In abin ya faskara, to, maƙalar ba ta san inda ta dosa ba, kuma adon kalmomi ba zai cece ta ba. Daga nan a bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗauki magana guda da hujjarta. Wanda bai taimaki amsar ba a cire shi, ko da an sha wahalar rubuta shi. A kuma tabbata duk maganar da aka aro an ambaci mai ita, da shekara, da shafi, gama satar fasaha laifi ne da kan jawo kora.

Bayan haka a karanta aikin a bayyane. Duk inda numfashi ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, a raba ta biyu. Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe, amma ba su ne ƙanana ba. Ƙugiya guda ce ta raba "baƙi" da "baki", da "ƙafa" da "kafa". "Yana" haɗe ake rubuta ta, "ba ta" kuwa a rabe. Kwamfuta ba za ta kama irin wannan kuskure ba, tun da kowace daga cikinsu kalma ce. Manhajar da ke rubuta wa mutum maƙala kuwa ba za ta shiga ɗakin kare kundi a madadinsa ba.

A ƙarshe a ba aboki ya karanta, gama laifi tudu ne. Kada a tambaye shi ko ya yi kyau. A tambaye shi abin da ya fahimta.

Yayyenmu da suka shiga aikin gwamnati su ne shaida. Takardar da ta isa teburin Babban Sakatare da kurakurai takan dawo da jan biro, sunan mai ita kuma ya zube. Gara a koyi gyara tun a nan, inda kuskure maki kawai yake ci. Allah ya ba mu sa'a, amin.