Zagayen Jiragen Ruwa da Aljihun Ɗan Kasuwar Zango



Duk mai odar kaya daga Guangzhou ko Yiwu ya san abin da ya faru da kuɗin dakon kwantena a shekarar 2024. Ya tashi, kuma duk ejan ɗin da ka tambaya amsarsa ɗaya ce: Bahar Maliya.

A watan Nuwamban 2023 mayaƙan Huthi na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader, suka ci gaba da kai wa jiragen kasuwanci hari a mashigin Babul Mandab. Kafin ƙarshen Disamba, manyan kamfanoni irin su Maersk da MSC da Hapag-Lloyd suka ƙaurace wa mashigin Suwes, suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Tafiyar Asiya zuwa Turai ta ƙaru da kwana goma zuwa mako biyu, ga ƙarin mai, ga albashin ma'aikatan jirgi. Masar ta yi asarar fiye da rabin kuɗin da take samu daga mashigin Suwes a 2024.

To, ga abin da ya kamata mu lura da shi. Jirgin da ya taso daga Sin kai tsaye zuwa tashar Tema a nan Gana, da ma can ta ƙasan Afirka ta Kudu yake biyowa, ba ruwansa da Suwes. Me ya sa muka biya ƙarin kuɗin? Saboda in hanya ta yi tsawo, sai an ƙara jirage kafin a ɗauki kayan da ake ɗauka da, kuma kwantenonin da aka sauke ba sa komawa Sin da wuri. Kamfanoni suka karkata jiragensu zuwa inda riba ta fi tsoka, wato Turai, mu kuma muka shiga rububin ɗan wurin da ya rage. Kan wannan kuma kuɗinmu, sidi, ya faɗi, daga wajen 12 a kan dala a farkon 2024 zuwa sama da 16 kafin ƙarshen shekarar. Mai sayar da waya a Tip Toe Lane, da mai kayan gyaran mota a Abossey Okai, da Hajiya mai mayafai a kasuwar Nima, kowa ya ji a jikinsa. Haka direbobinmu masu kai kaya Burkina Faso da Mali.

A ganina, ƙarin da wahala ta kawo daban, ƙarin da aka ɓoye a bayan wahala daban. Idan kuɗin dako ya sauka a duniya, dole ya sauka a takardar da ake miƙa wa ɗan kasuwa a Tema. Wannan aikin Hukumar Masu Jigilar Kaya ta Gana ne, kuma muna kira gare ta da ta sa ido sosai.

Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, ku haɗa kayanku a kwantena ɗaya, ku yi ciniki da murya ɗaya. Kada ku biya wani ƙari sai an rubuta muku sunansa da dalilinsa.