Jerin ayyuka ya koma waya: Wa ke riƙe da makullin?

Tun bayan da Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Misis Didi Esther Walson-Jack, ta tsayar da ranar 31 ga Disambar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su yi bankwana da fayil ɗin takarda, hankali ya fi karkata ga sayen kwamfutoci da horas da ma'aikata. Sai dai akwai wani sauyi da ya riga umarnin gwamnati shiga ofisoshi da kasuwanni. Ɗan littafin da ma'aikaci ko ɗan kasuwa ke rubuta ayyukan da ke gabansa yana komawa cikin waya, a manhajoji irin su Google Tasks da Microsoft To Do da Todoist da Trello.

Amfanin waɗannan manhajoji a fili yake. Mutum zai rubuta aiki a kwamfutar ofis, ya tarar da shi a wayarsa kafin ya isa gida. Mai shago a Kantin Kwari zai iya rubuta yawan dilolin atamfar da za a ɗauko, yaronsa da ke Legas ya gani nan take, idan ya loda kayan ya sanya alamar an gama. Darakta kuma zai iya raba wa ma'aikatansa aiki, kowa da ranar da zai miƙa nasa, ba tare da an tura masinja ba.

Amma yana da kyau a fahimci yadda abin yake aiki. Waya da kwamfuta ba sa magana da juna kai-tsaye. Kowacce na aika sauyin da aka yi zuwa babbar kwamfutar kamfanin da ya mallaki manhajar, wadda galibi a ƙasar waje take, daga can kuma a rarraba wa sauran na'urori. Ke nan tsakanin maigida da yaronsa akwai mai shiga tsakani da ba su taɓa gani ba. Daga nan ne tambayoyi huɗu suka taso.

Ta farko ita ce ta sabis. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya kawo cikas ga bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya. Kafin nan, a Satumbar 2021, an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan yanayi, manhajar da ba ta ajiye kwafin jerin a cikin waya ba ta da wani amfani. Ko wadda ke ajiyewa ma tana da nata tarkon. Idan mutum biyu suka sauya abu ɗaya alhali ɗayansu ba ya da sabis, manhajoji da yawa sauyin da ya iso ƙarshe suke ɗauka, na farkon ya ɓace shiru. A harkar da dila goma ka iya komawa biyar, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ta biyu ita ce ɗorewar kamfanin. Wunderlist, wadda wani kamfani a birnin Berlin na Jamus ya ƙirƙira, ta taɓa zama cikin fitattun manhajojin tsara ayyuka a duniya. Microsoft ya saye ta a 2015, ya rufe ta a watan Mayun 2020, ya ce masu amfani da ita su koma tasa. Trello ma a 2017 ta koma hannun Atlassian a kan Dala miliyan 425. Darasin shi ne, ana sayar da manhaja, ana sauya mata sharuɗɗa, ana kuma rufe ta, ba tare da an nemi shawarar mai shago a Sabon Gari ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ta uku kuɗi ne. Akasarin manhajojin kyauta ne a matakin farko, amma da zarar ma'aikata ko ayyuka sun yi yawa sai a buƙaci biyan kuɗin wata, kuma da Dala ake lissafi. Kafin Yunin 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. Idan aka ɗauka kuɗin kowane mutum Dala biyar ne a wata, abin da ya kasance Naira 2,300 ya koma 7,500. A farashin Dala na 2024, mai ma'aikata goma zai biya Naira 75,000 duk wata, ban da kuɗin data, wanda shi ma ya tashi bayan Hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Ta huɗu, wadda ta fi nauyi, ita ce ta amana. Jerin ayyuka ba ya zama jeri kawai. A cikinsa akwai sunayen abokan ciniki da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su. A ofis kuwa akwai batun kwangila da ladabtarwa da ƙarin girma. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar waje, ta kuma ba Hukumar NDPC ikon cin tara. Ga ma'aikacin gwamnati, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram.

Akwai kuma wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Fayil ɗin takarda, duk da ƙurarsa da jinkirinsa, a ofis yake zama idan an yi wa jami'i sauyin wurin aiki. Amma idan ayyukan sashe guda suna cikin asusun Gmail na ƙashin kansa, ranar da ya tafi tarihin aikin ya tafi da shi. Wanda ya gaje shi zai fara daga tushe, mai binciken kuɗi kuma ba zai ga wanda ya ba da umarni da ranar da ya bayar ba. Haka abin yake a kasuwa idan yaron shago ne ya buɗe asusun da lambarsa, sannan suka ɓata da maigida.

Wannan ba kira ba ne a guje wa manhajojin, domin ribarsu ta fi ƙarfin a yi watsi da su. Abin da ake buƙata shi ne tsari. Ya kamata Ofishin Shugabar Ma'aikata da kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone su samar wa ma'aikata manhajar hukuma mai sauƙin amfani a waya, domin hani ba tare da madadi ba ba zai hana kowa komawa WhatsApp ba. Gwamnatocin jihohi ma su fitar da ƙa'ida tun kafin ɓarna ta auku.

Ɗan kasuwa kuwa, kafin ya zuba harkarsa cikin kowace manhaja, ya kashe data ya gwada ko tana buɗewa, ya duba ko tana bari a sauke kwafin bayanai, ya tabbatar asusun da sunansa da lambarsa aka buɗe, kuma kalmar sirri tana hannunsa. Lissafin bashi da manyan alƙawura kuma kada ya raba su da littafi, domin da tsohuwar zuma ake magani.