Shin Mai Keke Ba Ɗan Ƙasa Ba Ne? Tambaya Daga Unguwar Sabo Ta Ibadan

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana wa jama'ar ƙasa cewa tallafin man fetur ya ƙare, talakan birni ya shiga wani lissafi wanda bai san da shi ba a da. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Direban tasi ya ƙara kuɗi, ɗan acaɓa ya ƙara, mai Keke Napep ya ƙara, kowa kuwa yana da hujjarsa. Wanda ba shi da inda zai juye tasa wahalar shi ne fasinja. A unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda Hausawa ke kira Badun, akwai magidanta da yawa waɗanda kuɗin zuwa wurin neman abinci da komowa ke cinye rabin abin da suka samo a wuni.

Abin takaici shi ne maganin babban ɓangare na wannan ciwo yana jingine a zaurukan gidaje, taya a sace, sarƙa ta yi tsatsa. Keke ne. Amma mahukunta sun mayar da titunan Ibadan wurin da hawansa ya zama sayar da rai, jama'a kuma sun mayar da shi abin kunya.

Sai a fara duba inda Sabo take. A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri, lokacin yana gefen gari, kusa da filin sukuwa wanda a yau ya zama filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba. Fataucin shanu daga Arewa da fataucin goro zuwa Arewa su suka raya unguwar, kamar yadda Bature Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanenta yana nazarin sha'aninsu, ya rubuta a littafin da ya fitar a 1969. Gari ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye Sabo, yanzu tana tsakiya. Daga nan zuwa Dugbe, inda tsohuwar tashar jirgin ƙasa da manyan kantuna suke, tafiyar ba ta kai mil 2 ba. Asibitin Koyarwa na Jami'a shi ma kusan haka. Kasuwar Bodija da ƙofar Jami'ar Ibadan ba su wuce mil 4 ba. Wannan tazara ce wadda yaro ɗan shekara 12 a Kano ko Katsina yake shafewa a kan keke kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, bai ko yi haki ba. To, don me za a ce dole sai ɗan tireda na Sabo ya cusa kansa cikin wata 'yar Micra, mutum biyu a kujerar gaba, ya biya kuɗin da zai isa cefanen rana, domin tafiyar da ƙafafunsa za su kai shi kyauta?

Da ba haka abin yake ba. Dattawa suna iya tuna zamanin da keken Raleigh yake dukiya, ana yi masa ado da tuntaye da madubi, ana goge shi ranar Juma'a kamar doki. Malamin makaranta da shi yake zuwa aiki, masinja da shi yake kai takardu, dillali da shi yake zagaya kasuwa. Hukumar En'e tana karɓar kuɗin lasin keke, ta ba da lamba a liƙa, wato ke nan ta yarda cewa mai keke mutum ne da ke da rabo a kan hanya, tun da ba ta karɓar haraji a kan abin da ba ta san da shi ba. Har masana'antar haɗa kekuna kamfanin Raleigh ya kafa a Kano.

Kuɗin man fetur ne ya rushe wannan duka. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, a shekarar da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Ikko, sai kowa ya ɗaga hanci. Mai keke ya koma babur, mai babur ya nemi bashin mota, wanda ya rage a kan keke kuma aka ce masa bai waye ba. Masu tsara birane, waɗanda su kansu a bayan mota suke zaune direba yana jansu, suka shiga zana tituna kamar babu wata halitta a duniya sai mai ƙafa huɗu. Da guguwar tsuke bakin aljihu ta 1986 ta zo, motar ta fi ƙarfin ma'aikaci, ai kamata ya yi a koma wa keke. Ina! Girman kai ya riga ya yi jijiya. Acaɓa ce ta cike gurbin. Daga baya ma har sunan aka ƙwace: a yau idan aka ce "keke" a Mokola, abin da mai sauraro zai fahimta shi ne mai ƙafa uku mai shan fetur.

Hujjar farko da masu raina keke suke kawowa ita ce wai Ibadan gari ne na tuddai, ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar Kano. Gaskiya ne akwai tuddai. Ga tudun Mokola da otal ɗin Premier a bisansa, ga na Mapo, ga Oke Are inda hasumiyar Bower take. Amma wa ya ce ɗan Sabo mai zuwa Dugbe sai ya bi ta kan hasumiyar Bower? Ban da haka, keken zamani yana da giya, wadda aikinta ke nan: ta sauƙaƙa wa mahayi hawa, ya riƙa taka feda a hankali ba tare da ya sauka ya tura ba. Irin waɗannan kekuna na gwanjo suna shigowa ƙasar nan daga Turai. Idan tudu ne ke hana keke, me za a ce game da Kigali, babban birnin Ruwanda, ƙasar da ake wa kirari da mai tsaunuka dubu? A can mutane suna dakon buhunan dankali da tulunan madara a kan keke. Tun 2016 hukumar birnin take rufe wasu manyan tituna ga motoci a wasu ranakun Lahadi, a watan Satumba na 2025 kuwa a can aka yi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka.

Hujja ta biyu ita ce haɗari, wannan kuwa ba a musunta ta. Mai keken da ya fito daga Sabo ya nufi shataletalen Mokola yana tsakanin wuta biyu ne: a hagunsa tasi da ɗan acaɓa suna rige-rigen fasinja, a damansa lambatu a buɗe, babu murfi. Inda ya kamata ya raɓa ya wuce, an ajiye motoci ko an baza kaya. Idan aka buge shi, kafin ya tashi ya karkaɗe rigarsa an riga an yanke hukunci cewa laifinsa ne, don me zai hau titi. Amma wannan haɗari ba daga sama ya faɗo ba, ƙera shi aka yi da kuɗin jama'a. A 2013 gwamnatin marigayi Abiola Ajimobi ta buɗe gadar sama ta Mokola, a bakin ƙofar Sabo, aka yi shagali. Gadar ta rage wa masu mota cunkoso, ba laifi. Sai dai ko taƙi ɗaya ba a ware wa mai keke ba, a sama ko a ƙasa. Gwamnatin Seyi Makinde, wadda ta hau mulki a 2019, ta gina tashoshin mota na zamani a Ojoo da Challenge, ta kuma tasa aikin hanyar zobe mai tsawon kilomita 110 a gaba. Kuɗin kilomita ɗaya na wannan hanya zai isa a rufe lambatu, a shafa fenti, a kafa dogarai na kankare tun daga Sabo har Bodija. Wanda ya haƙa rami a hanya ba shi ne zai tsaya yana yi wa makaho faɗa ba.

Abin ya fi zafi idan aka tuna cewa titin da ya ratsa Sabo sunan Janar David Jemibewon yake ɗauke da shi, gwamnan soja wanda a zamaninsa, a 1977, Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra a kan hanya tare da Farfesa Wole Soyinka. Wannan runduna ce ta zama abin koyi har aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, Soyinka ya zama shugabanta na farko. Ashe ke nan a Ibadan aka haifi tunanin kare ran ɗan Adam a kan titi. Littafin dokokin hanya na ƙasa shi ma ya lissafa mai keke cikin masu amfani da hanya. Amma a garin da aka haifi tunanin, jami'in da ke tsaye a mahaɗa bai taɓa ɗaga hannu ya tsayar da mota domin mai keke ya wuce ba, sai fa idan keken na wani babba ne.

Manyan kuwa suna hawa, kada a ce ba a faɗa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ranar 3 ga watan Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya a 2018, tun daga nan kuwa aka sami sabon biki. Jami'ai su sa riguna masu ƙyalli da hular kwano, motar jiniya a gaba, motar asibiti a baya, a zagaya gari, a ɗauki hoto, a yi jawabi a kan lafiyar jiki, sannan a loda kekunan a mota sai baɗi. Haka kuma masu hali sukan fita da safiyar Asabar, lokacin da tituna ba kowa, su nufi gefen madatsar ruwa ta Eleyele, ko harabar Jami'a, ko cikin gandun Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA mai daji da tafki, inda sai an tsaya a ƙofa an nemi izini. Babu mai ƙyashin wannan, motsa jiki abu ne mai kyau. Amma wanda ya hau keke don ya rage ƙiba da wanda ya hau don ya ciyar da iyali ba buƙatarsu ɗaya ba. Na farko yana iya zaɓen rana da sa'a. Na biyu dole ya bi ta Mokola ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe, da buhun albasa a kariya.

Mutum ɗaya ne cikin manya ya taɓa gwada abin da gaske, shi ne marigayi Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri, wanda a 2001 ya ce 'yan Nijeriya su koma wa keke, ya kuma hau da kansa a Abuja. Motar bas ta ture shi ya faɗa lambatu. Jaridu suka yi ta dariya, masu zanen barkwanci suka sami abinci, aka ce ga sakamakon mai son mayar da ƙasa baya. Ba wanda ya tsaya ya ce, idan minista da 'yan rakiyarsa bai tsira ba a birnin da aka zana shi a takarda kafin a gina, ina labarin mai shayi? A Holan, da mota ta kashe mutane fiye da 3,000 a 1971, sama da 400 daga cikinsu yara, iyaye suka fito zanga-zanga, hukuma kuma ta shiga gina wa keke hanyarsa daban. A nan kuwa dariya aka yi. Shekara 23 bayan faɗuwar ministan, 'yar Nijeriya ta farko da ta shiga tseren keke a wasannin Olamfik, Ese Ukpeseraye, sai da 'yan wasan Jamus suka ara mata keke a birnin Faris.

To, amma fa laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, mutanen Sabo su ma da nasu. Tun da Kano ta hana acaɓa a 2013, Ikko kuma ta tsananta nata hanin a 2020 da 2022, samarin Arewa suka yi ta kwararowa Ibadan. Saurayi zai karɓi babur bashi a kan farashin da ya ninka, ya riƙa kai balas kullum, ya sha mai, ya biya 'yan ƙungiya, ya biya tara, ƙarshenta watakila ya kwanta a asibiti da karaya. Amma idan aka ce masa ya sayi keke ya riƙa kai wa masu abinci kayan miya daga Bodija, sai ya ga an zage shi. Uba yana iya hana 'yarsa saurayin da ya zo zance a kan keke, ya ba wanda ya zo da babur na aro. Masu shaguna da 'yan canji kuma su ne suke barin motocin baƙinsu su toshe gefen titi. Mai faci da mai gyaran birki, waɗanda a da kowace kusurwa akwai su, sun koma gyaran babur domin babu ciniki. A Wagadugu mata da goyo suna tafiya kasuwa a kan keke, ba wanda ya ce mutuncinsu ya zube.

Abin da ake nema ba shi da yawa. Gwamnatin Jihar Oyo ta keɓe layi mai shinge, ba fenti kawai ba, daga Sabo zuwa Dugbe ta Adamasingba, da wani daga Mokola ta Sango zuwa Jami'a da Bodija. A rufe lambatun da ke bakin waɗannan hanyoyi. Hukumar OYRTMA mai kula da zirga-zirga ta jihar ta riƙa kama wanda ya ajiye mota a kan layin kamar yadda take kama wanda ya bi hannun da ba nasa ba. Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, wadda Sabo take ƙarƙashinta, ta kafa wurin ajiye keke mai mai gadi a kasuwar Bodija. Sarkin Hausawa da limamai da 'yan kasuwar Sabo kuma su fara da abin da ke hannunsu: rumfa a gefen babban masallaci inda mutum zai ɗaure kekensa ya shiga salla hankali kwance, da adashin sayen keke ga ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i. Sa'an nan su rubuta takarda, su sa hannu, su ɗauke ta da kansu zuwa Sakatariyar Agodi, domin ita ma tafiyar ba ta kai mil 3 ba.