Hangen Nesan Kamfani, Wa Ya Amfana?

Kwanan baya na zauna a wata lacca inda mai jawabi ya yi ta koɗa manyan kamfanoni, wai su ne masu hangen nesa, masu shirin gobe tun yau. Ya kawo misalin Shell, wadda masu kintacenta suka hango tashin farashin mai na 1973 tun bai zo ba. Ɗalibai suka yi ta tafi. Ni dai ban tafa ba, don ni mutumin Gezawa ne, jikan manomin gyaɗa.

Jama'a, ba na musun cewa kamfani na hango gobe. Tambayata ita ce, in ya hango, wa yake gaya wa?

Mu ɗauki UAC, wadda aka kafa a 1929. Ita da su Janhol ne suka ci moriyar gyaɗar ƙasar Kano, ta hannun dillalai irin su Alhassan Dantata. Amma tun dalar gyaɗa na tsaye ƙyam, sai ta lura cewa hukumar ciniki ta karɓe yanka farashi, ga 'yan siyasa na kiran mulkin kai. Me ta yi? Ta sa hannu aka kafa kamfanin giya a Ikko a 1946, ta buɗe kantin Kingsway a 1948, kafin 1960 kuwa ta fara zare jiki daga awon gyaɗa, ta karkata ga masana'antu da sayar da motoci. Ba wanda ya zo Gezawa ko Jogana ya ce wa kakana, "Malam, mu fa mun ga alama, kai ma ka sake shiri." Shi dai aka bari da hauya. Fari ya zo a 1973, kuturtar gyaɗa ta biyo a 1975, dala ta zama labari. Allah Sarki! Har ya rasu yana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, amma ai wasu sun riga sun haye tudu.

Wani zai ce, to laifin kamfani ne don ya yi wayo? Ai riba ta kawo shi, ba zumunci ba. Na yarda. To, a daina ce mana abin koyi ne ga al'umma. Mai shago ne ya ga hadari ya kwashe kayansa, ya bar ɗan talla a waje.

Yau ma ga shi muna gani. Ku bi hanyar Kano zuwa Gezawa ku ƙirga gonakin da aka kewaye da katanga, ba shuka, ba gini. Masu su sun san birni na tahowa, sun san abin da fili zai kai nan da shekara goma. Wani maƙwabcinmu ya sayar da tasa ya sayi babur, bai sani ba.

Mu kuma da aka turo jami'a daga waɗannan ƙauyuka, mun karanta tarihin nan da Turanci, mun ci jarrabawa da shi. Mu nawa ne muka zauna a dandali muka fassara wa iyayenmu shi da Hausa kafin su dangwala hannu a takardar ciniki?